18, 17, 15: Lambobin ranar tashin hankali

Assalamu alaikum jama'a. A nan Yamai idan wuta ta tashi, 18 ake bugawa, ƴan kwana-kwana su fito. 17 ta ƴan sanda ce, 15 kuma ta SAMU, masu ɗaukar mara lafiya cikin gaggawa. Daga Faransa muka gaji lambobin nan, can ma da su ake aiki har gobe.

Amma asalin dabarar lamba guda ta kowane irin kiran gaggawa Landan ne. A 1935 gobara ta kama wani gida a titin Wimpole, mata 5 suka rasu. Wani maƙwabci ya ɗauki tarho don ya kira masu kashe wuta, to a zamanin sai ma'aikatan layi sun haɗa ka, shi kuwa aka bar shi yana jira wuta na ci. Ƙorafin da ya biyo baya ne ya haifar da 999 a 1937. Amurka ta fito da 911 a 1968, Turai ta tsayar da 112 a 1991, ita ce kuma maƙwabtanmu na Najeriya suke kira.

Da ka buga, kamfanin salula yana duba eriyar da wayarka ta kama, sai ya miƙa kiran ga cibiyar da ke kula da yankin. Kiran ba ya cin kiredi. Ita 112 an gina ta ne cikin tsarin GSM da wayoyin salula ke aiki da shi, shi ya sa ko waya na kulle tana karɓarta, a ƙasashe da yawa ma in rezonka ya ɗauke sai ta hau na wani kamfani. Masu buga lambobin nan don wasa kuwa, wallahi su ji tsoron Allah, layin da suka tare wani ke nemansa da rai a hannu.

Ga inda muka bambanta. A Turai da Amurka wayoyin zamani kan aika wa cibiyar inda kake da kansu. Mu nan, bakinka ne taswira. "Ku zo, wuta, wuta!" ba ta kai mota ko'ina. Ka ce Bukoki ne ko Harobanda, bayan wane masallaci, gefen wace tashar mai, butalin gas ne ya kama ko wayar kuran, mutum nawa ke ciki. Kada ka kashe sai mai amsawa ya gama tambayoyinsa, sannan ka tura wani babba bakin kwalta ya tsaya, ya nuna musu lungun idan sun iso.