Sharhi: A Daina Kwantar da Tsofaffi da Sunan Tausayi

Jama'a masu sauraro, akwai maganar da ke yawo a ɗakunan marasa lafiya a Kaduna, daga asibitin Barau Dikko har asibitin Yusuf Dantsoho na Tudun Wada, kuma daga bakin 'yan jinya take fitowa: "Baba, kwanta ka huta." Ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, a riga shi. Ya yunƙura zai zaga, a turo masa fo. Wai tausayi ke nan.

To wannan tausayin nakasarwa yake yi. Tsohon da ya kwana 10 a gado ba motsi yana iya asarar kusan kilo 1 na naman ƙafafunsa. Ga gyambon kwanciya a kwankwaso da diddige, ga majina ta taru a ƙirji ta zama limoniya, ga jini ya daskare a sharaɓa. Zazzaɓi ya kawo shi, an warkar, amma a keken guragu za a mai da shi gida.

Za a ce idan ya faɗi fa? Haba! Ƙafar da kwanciya ta lanƙwame ai ita ke ka da mutum. A tambayi likita ko nas, in ba su hana ba, a tashe shi.

Amma ba da fizga ba. Ya fara zama a bakin gado, ƙafa a ƙasa, minti 1 ko 2, domin miƙewa farat ɗaya na sa jiri ya kwashe tsoho. A sa masa takalmi mai kama ƙafa, ban da silifas. Yau ya ci tuwonsa a kujera, gobe ya taka zuwa ƙofa, jibi ƙarshen baranda. Wanda ba ya iya tashi a juya shi duk awa 2, yana motsa idon sawu sama da ƙasa.

Ban da tsoratarwa. "In ba ki sha magani ba mutuwa za ki yi" bai taɓa sa wata Hajiya haɗiye ƙwaya da daɗin rai ba. A tambaye ta: "Inna, me kike ɗokin komawa yi?" In ta ce bikin jikarta, shi ke nan an samu igiyar ja. Baba kuwa, yawanci alwala da kansa da sahun masallacin unguwa. Kowane taku a ɗaura shi a kan wannan buri.

A kawo masa tabarau, carbi da rediyonsa, a buɗe taga ya san dare da rana, don ruɗewar tsofaffi a asibiti sau da yawa daga nan take somawa. Masu dubiya kuma, don Allah a daina labarin wane da irin ciwon ya kashe. Tsohon da ya daina ci, ya juya wa bango fuska yana cewa lokaci kawai yake jira, kada a ce halin tsufa ne. A gaya wa likita a zagayen safe, domin ciwon damuwa ana maganinsa. Sannan a tashe shi ya zauna.