Ta Ina Ake Kama Doguwar Kalmar Turanci?

Auwal: Jama'a, barkanmu da warhaka. Malama Hadiza, ɗalibai masu shirin WAEC sun taso mu a gaba da tambaya: kalmomi irin su photography da democracy, ta ina ake kama su wajen furtawa?

Malama Hadiza: Ta wutsiya, Auwal. Mu Hausawa karin sauti muka sani, hawa da sauka. Bature kuwa gaɓa ɗaya yake dannawa, ya bi ta kan sauran da sauri. Kalmar da ta samo asali daga Girkanci, in ta ƙare da logy ko graphy ko cracy, ƙirgo gaɓa uku daga ƙarshe, nan za ka danna: bi-OL-o-gy, de-MOC-ra-cy, pho-TOG-ra-phy.

Auwal: To ai PHO-to-graph nake ji ana cewa.

Malama Hadiza: Ƙirga mana! Gaɓa uku gare ta, ta ukun daga ƙarshe ita ce ta farko. In kuma ka liƙa mata ic, nauyin ya koma gaɓar da ke dab da shi: pho-to-GRAPH-ic. Tushe ɗaya, wurin dannawa uku. Abin da ke damuna shi ne yara suna haddace su ɗaya bayan ɗaya, alhali ƙa'ida ce.

Malam Sani: Malama, bari in sa baki. Inda ma'ana ta yanka kalma daban, inda harshe ke yanka ta daban. Ɗauki helicopter, jirgi mai saukar ungulu. A Girkanci helico ne, wato abu mai murɗewa, da pter, fiffike. Amma Turanci ba ya fara gaɓa da p da t a haɗe, shi ya sa ake furta hel-i-cop-ter.

Auwal: In haɗin p da wani baƙi ya zo a farkon kalma fa, Malam?

Malam Sani: Sai su haɗiye p ɗin. Psychology, pneumonia, duk ba a jin sa. Girkawa suna furta shi, Faransawa ma haka, don haka in ka ji ɗan'uwanmu na Damagaram ya furta p a psychologie, daidai ya yi.

Malama Hadiza: Mu kuma da baƙaƙe suka cunkushe, wasali muke cusawa tsakani, kamar yadda muka samu burodi. A Hausa ya yi kyau, amma a democracy yana ƙara gaɓa, lissafin ya rushe.

Auwal: Saura ch na chemistry.

Malama Hadiza: K ne. Haka character, haka chlorine.