Yadda Birane Suke Shiga Lissafin Hasashen Yanayi

Idan ka ɗora tafin hannunka a jikin katangar siminti bayan sallar isha'i a lokacin bazara, za ka ji ɗumi, alhali rana ta daɗe da faɗuwa. Wannan ɗumin ne manhajojin hasashen yanayi suka shafe shekaru ba sa lissafawa yadda ya kamata.

Kwamfuta tana yanka duniya gida-gida kamar filin dara, ta ba kowane gida adadi ɗaya na zafi, iska da laima. A manhajojin da ke hango sauyin yanayi na shekaru masu zuwa, faɗin gida ɗaya kan kai kilomita 100, don haka birni da ƙauyukansa da gonakinsa duk sukan narke wuri guda. Ko da aka fara sanya birane, an ɗauke su ne tamkar falalen dutse, babu bango babu lungu.

Alhali tun wajen 1818 masanin yanayi ɗan Ingila Luke Howard ya auna ya ga Landan ta fi karkararta zafi, musamman da dare. Titin da ke tsakanin dogayen gine-gine kamar kwazazzabo yake: hasken rana yana shiga ya yi ta karo daga bango zuwa bango har bulo da kwalta su shanye shi, idan dare ya yi kuma zafin ya rasa isasshen sararin da zai fice. Ruwan sama yana gangarewa kwata maimakon ya nutse a ƙasa ya sanyaya iska, sannan motoci da na'urorin sanyaya ɗaki suna ƙara hura wutar.

A 2000, Valéry Masson na hukumar yanayi ta Faransa ya fito da tsarin da ke lissafa zafin rufi daban, na bango daban, na titi daban. A 2012 kuma masu bincike Iain Stewart da Tim Oke suka rarraba unguwanni da filaye zuwa rukuni 17, domin unguwar benaye masu cunkoso ba ɗaya take da unguwar bishiyoyi ba. Cibiyar hasashen yanayi ta Turai, wadda faɗin kowane gida a manhajarta ya kai kusan kilomita 9, sai a 2024 ta shigar da tsarin birane cikin hasashenta na kullum, kuma a ganina an makara.

An makara domin zafin dare yana kisa. A watan Agusta na 2003 kimanin mutane 15,000 suka rasu a Faransa saboda tsananin zafi, da yawansu tsofaffi ne a Paris, inda ɗakuna suka ƙi hucewa har wayewar gari.

Sai dai lissafi ba ya fin bayanan da aka ba shi inganci, kuma akasarin waɗannan tsare-tsare a biranen Turai, Amurka da Japan aka fi gwada su. Kafin manhaja ta faɗi zafin daren cikin birnin Kano daidai, sai an gaya mata kaurin bangon laka, ƙuncin lungu, da yawan gidajen da suka koma rufin kwano.