Wainar Asabar bayan an gama shara

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da hantsi. Ku yi haƙuri in hoton yana rawa, a cikin adaidaita sahu muke, kuma ƙanina da ke riƙe da wayar hankalinsa na kan cikinsa. Yau kwanana shida da sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano daga Mancesta ta ƙasar Ingila, ga shi Asabar ɗin ƙarshen wata ce. Duk ɗan Kano ya san zancen: tsaftar muhalli, ba fita daga ƙarfe 7 sai 10. Ni kuwa na manta shaf. Na ci kwalliya na yafa mayafi zan tafi neman waina, Umma ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baturiya, ina zuwa? Ga tsintsiya can." Haka na share tsakar gida cikina na kiran ciroma.

Shi ya sa za mu karya yanzu, sha ɗaya saura. A Ingila wannan cin sunansa guda, brunch, sun haɗe karin kumallo da abincin rana a kalma ɗaya, kuma tun 1895 kalmar ta fito a wata mujalla can. Abokan aikina ma'aikatan jinya tun ranar Laraba suke kama teburi ta waya saboda shi. Na sha bin su wuraren halal na titin Wilmslow. Ƙwai biyu, gasasshen burodi, tumatir da aka ɗan nuna wa wuta, laimar kwaɗi (eh, ita ɗin dai, ci suke), sai waken gwangwani mai zaƙi. Yana riƙe ciki, ba laifi. Amma wake da sukari, har gobe ban yafe musu ba.

To mun iso. Wani lungu ne bayan titin gidan Zoo, ko allo babu, ƙamshi ne ke nuna hanya. Ɗaki ɗaya ne da labule, benci biyu, tabarma a ɓangaren mata, fanka na juyawa kamar an yi mata dole.

"Sannu da aiki, Hajiya."

"Yauwa 'yata, sannunku. Ta nawa za a zuba?"

Matso da wayar nan su ga tandar. Ta ƙasa ce, ta yi baƙi ƙirin don shekaru, kowane gurbi na sheƙi da mai. Ku duba yadda take ɗibar ƙullun da ludayi, ba awo ba komai, amma kowace waina daidai da 'yar uwarta. Sai ta jira gefen ya yi ja, saman ya fara huda ƙananan idanu, sannan ta sa cokali ta juya, ido na kan mai biyan kuɗi. Shinkafar tuwo ce aka jiƙa aka niƙa, ƙullun ya kwana ya tashi, shi ne wannan ɗan tsamin da kake ji a ƙarshen harshe.

Wannan tashin shi ya gagare ni a can. Watan Disamba, rana na faɗuwa tun kafin ƙarfe 4, ɗaki sanyi ƙalau, ƙullu ya kwana yana nan yadda na bar shi. Na lulluɓe robar da bargo na jingina ta da na'urar ɗumama ɗaki kamar mai jinyar jariri. Da na zo suya kuma, ƙararrawar hayaƙi ta kama ihu, maƙwabciyata ta fito da rigar barci tana tambayar ko gobara ce. Abin da na kwashe daga ƙarshe, ko almajiri sai ya yi tunani.

Ga miyar taushen ta zo. Kabewa ta narke, gyaɗa ta kama jikinta, ga alayyahu, ga 'yar yakuwa, ga tantaƙwashi guda biyu a tsakiya. Hajiya ta ɗiga man shanu ba tare da na roƙa ba. Bismillah. Kai! Bayan a soye, cikin kamar auduga. Ku ba ni minti ɗaya, ba zan iya magana ba.

"Yaya, wai ni yaushe zan ci? Hannuna ya gaji."

Jingina wayar da jarkar ruwan nan ka zauna. Mu biyu, har da kunun gyaɗa, abin da za mu biya bai kai rabin kuɗin faranti ɗaya a can ba, kuma ba wanda ya tsaya mana a ka yana jiran teburi.

Af, ga Umma na kira. Na'am Umma? To, guda nawa? Da miya daban? To. Hajiya, a ƙulla mana ashirin, a saka yaji a gefe. Gobe in Allah ya kai mu Jakara za mu shiga neman gurasa bandashe. Kai, wannan ta ƙarshen tawa ce, cire hannunka.