Ƙara Faifan Bugu a Gangar Lantarki: Fara Leƙa Bayan Ƙwaƙwalwar

Barkanmu da sake haɗuwa. Ga gangar lantarki a gabana, irin wadda yawancin masu koyo ke farawa da ita: gangar ƙafa, sinaya (gangar da ke tsakanin gwiwoyinka), tom uku (gangunan da ke jere gabanka da gefe), hai-hat (simbal mai feda da ake buɗewa da rufewa da ƙafa), sai simbal biyu (faranta masu ƙarar ƙarfe). Ka yi wata shida ko shekara kana bugawa, hannu ya faɗa, sai wata rana kana tsakiyar kiɗa sandarka ta nufi dama da kanta, ta tarar babu komai a wurin. Kiɗan yana neman tom na huɗu, ko wani simbal, ko ɗan kuge, kai kuma ba ka da inda za ka buga. Daga ranar tunanin ƙari yake shiga zuciya.

To, kafin ka nemi sabon faifan bugu, wato abin da sanda ke sauka a kansa, ka tashi ka zagaya bayan gangar. Akwatin nan mai maɓallai da allo, wanda ake kira modul, ni kuma nake ce masa ƙwaƙwalwa, shi ne mai yanke hukunci. Faifai ba shi da murya ko kaɗan. Bari in buɗe wannan ka gani. Ƙarƙashin ragar da ake bugawa akwai ɗan soso, ƙarƙashin soson kuma ga wani ɗan ƙarfe mai da'ira, siriri kamar takarda. Sunansa fiyezo. Idan ya ji jijjiga sai ya fitar da 'yar wutar lantarki, dabi'ar da Jacques da Pierre Curie suka gano a wasu duwatsu tun 1880. Bugu mai ƙarfi, wuta mai yawa; bugu a hankali, wuta kaɗan. Iyakar aikin faifai ke nan. Ƙwaƙwalwa ce take karɓar wannan wuta, ta auna ta, ta ce wannan tom ne ko simbal, sannan ta fitar da sauti. Saboda haka yawan faifan da za ka iya ƙarawa yana rataye ne a kan yawan kafofin da ƙwaƙwalwarka take da su, da irin saƙon da kowace kafa take fahimta.

Ka duba da kyau. A ƙananan ganguna da matsakaita, za ka ga wayoyin duk sun taru a kai guda mai faɗi, mai haƙora 25, an ɗaure shi da noti biyu. Waɗannan wayoyi kowacce da mai ita. Abin da kake nema shi ne ramukan da ke gefe, waɗanda ba a cusa musu komai ba. A Roland TD-17 akwai biyu, ɗaya an rubuta CRASH 2, na ƙarin simbal, ɗaya AUX, na kowane irin ƙari. A Alesis Nitro ma biyu ne, na tom na huɗu da na ƙarin simbal. Idan ka samu irin wannan rami a buɗe, ka yi sa'a, domin babu hanyar da ta fi ta tsabta. Ka sayi faifai, ka haɗa da waya, ka gaya wa ƙwaƙwalwa irin faifan da ka saka, shi ke nan.

Amma ka lura da kan wayar. Ga biyu a hannuna, kaurinsu ɗaya, milimita 6.35. Wannan yana da baƙin zobe guda, wannan yana da biyu. Mai zobe guda hanya ɗaya yake ɗauka. Mai zobe biyu, wanda ake kira TRS, hanya biyu yake ɗauka, ɗaya ta tsinin kai, ɗaya ta tsakanin zobban. Faifan da yake ba da sauti biyu, wato tsakiyar fata daban, baki daban, dole sai da mai zobe biyu. Mutane da yawa sun mayar da faifai suna cewa bakinsa ba ya aiki, alhali wayar jita suka saka masa.

Yanzu ga inda maganar take da zurfi, kuma a nan nake so ka ba ni hankalinka. Faifai mai sauti biyu iri biyu ne. A tom da sinaya masu raga, galibi fiyezo biyu ne a ciki, ɗaya na fata, ɗaya na baki. A simbal kuwa fiyezo ɗaya ne, sai wani siririn makunni da aka shimfiɗa a gefensa. Idan ka bugi gefen, fiyezo ya ce an buga da ƙarfi kaza, makunnin ya ce a gefe aka buga. Shi ne kuma yake sa idan ka damƙe simbal da hannu sautin ya ɗauke. Kafofin ƙwaƙwalwa ma haka aka raba su: wasu suna jiran fiyezo biyu, wasu suna jiran fiyezo da makunni, wasu kuma kamar AUX suna iya karɓar kowanne idan ka canza saiti. Wannan bambanci shi ne sirrin dabarar da kowa ke tambaya a kai, wato raba kafa ɗaya gida biyu.

Ga yadda dabarar take. Tambayi kanka, sau nawa kake bugun bakin tom na biyu? Yawancinmu ba ma taɓa shi. Ke nan akwai hanya guda a cikin wayar nan da take zaune babu aiki. Sai ka samo waya mai rabawa, ka saka ta a kafar tom ɗin, reshe ɗaya ya tafi tom, ɗayan ya tafi sabon faifai. Ƙwaƙwalwa tana zaton bakin tom ake bugawa, kai kuma ka shiga saiti ka ba wa wannan baki muryar kuge ko ta ƙaramin simbal. Idan ƙwaƙwalwar tana haɗa muryar fata da ta baki wuri guda, akwai inda ake kashe wannan haɗin, sai ka kashe shi kafin ka zaɓi sauti. Tom uku, faifai uku na ƙari, ba tare da ka taɓa ƙwaƙwalwa ba.

Ina son wannan dabara, na daɗe ina amfani da ita, amma ba zan ɓoye maka matsalolinta ba. Da farko, a kafar da ke jiran fiyezo biyu kawai take aiki. Idan ka raba kafar simbal, reshe na biyu shiru zai yi, domin makunni yake jira. Sannan ba kowace waya mai rabawa ba ce. Wadda ake amfani da ita don mutum biyu su saurari waƙa da abin kunne tana kwafe hanyoyin biyu ne ta ba kowa, ba ta raba su. Na taɓa saka irinta, faifai biyun suka riƙa fitar da murya ɗaya, na kwana ina laluben saiti kafin in gane daga wayar ne. Wadda kake buƙata ita ce mai kai tsini reshe ɗaya, ta kai zobe ɗaya reshen. A ƙwaƙwalwar Roland ma wannan bai isa ba, domin ita tana kwatanta saƙon fata da na baki kafin ta yanke hukunci, don haka masu haɗa irin wannan waya suke saka ɗan rezisto, wato abin da ke rage ƙarfin wuta, a ciki, galibi mai 100k. Ka nemi wadda aka yi musamman don irin ƙwaƙwalwarka.

Babban cikas ɗin kuwa shi ne, a ƙwaƙwalwa da yawa faifai biyun da suka raba kafa ba sa magana a lokaci guda. Ka buge su tare, ɗaya ya yi sauti, ɗaya ya haɗiye. Shi ya sa nake ba da shawarar ka haɗa waɗanda ba sa haɗuwa a kiɗa. Kuge da tom na farko, misali, da wuya ka buge su a daƙiƙa guda. Amma simbal da babban tom na ƙasa, waɗanda ake yawan dira a kansu tare a ƙarshen jimlar kiɗa, kada ka ɗaure su a waya ɗaya. Ka kuma sani simbal ɗin da ka saka ta wannan hanya sauti ɗaya zai ba ka, kuma damƙe shi da hannu ba zai kashe sautin ba.

Idan ramuka sun ƙare, rabawa kuma ba ta ishe ka ba, sai a shigo da ƙarin ƙwaƙwalwa. Akwai ƙananan akwatuna da aikinsu ke nan: Roland TM-2 mai kafa biyu, TM-6 Pro mai shida, ddrum DDTi mai goma, da eDRUMin na kamfanin Audiofront. Na Roland ɗin suna da sautinsu a ciki. DDTi da eDRUMin ba su da murya, suna mayar da bugu ne zuwa saƙon MIDI, yaren da kayan kiɗa na lantarki ke magana da juna da shi tun 1983. A wannan yare kowace ganga lamba ce. A tsarin da aka saba, 36 gangar ƙafa ce, 38 sinaya, 49 simbal, 56 kuge, kuma saƙon ganguna yana bi ta tasha ta 10 cikin tashoshin MIDI. Ƙarfin bugu ma lamba ne, iyakarsa 127.

Ga tarkon da ke nan. Kafin wani akwati ya aika wa ƙwaƙwalwarka saƙo ta wayar MIDI, sai tana da ramin da aka rubuta MIDI IN. TD-17 da muka ambata, ramin MIDI mai haƙora biyar da take da shi na fita ne kawai. Idan taka haka take, hanya biyu ta rage. Ko dai ka ɗauki akwati mai sautinsa, ka zuba sautin a ramin MIX IN inda ake jona wayar salula don bin waƙa, ko kuma ka haɗa akwatunan biyu da kwamfuta ta USB, manhaja irin EZdrummer, Superior Drummer ko Addictive Drums ta zama ita ce mai fitar da murya. Wanda ya riga ya saba buga ganga ta kwamfuta, a ganina wannan ce hanyarsa. Ka tabbata dai faifai biyu ba su ɗauki lamba ɗaya ba.

Akwai kuma allon bugu mai ɗauke da faifai da yawa a jiki guda. Roland SPD-SX yana da tara, Octapad takwas, Yamaha DTX-Multi 12 yana da goma sha biyu. Ga mai neman tafi, kuge da sautukan ado, wannan ya fi a cika firam, wato ƙarafan da ke riƙe da gangar, da ƙananan faifai.

Game da haɗa kayan kamfanoni daban-daban, faifai mai sauti ɗaya kusan ko'ina yana shiga, fiyezo fiyezo ne. Rikici yana farawa ne daga masu sauti uku. Babban simbal na Roland mai sauti uku waya biyu yake buƙata, Yamaha kuwa tana tura ukun ta waya ɗaya da taimakon rezisto, don haka idan ka musanya su wani sashe zai ɓace. Hai-hat da fedarsa kuma ka bar su na kamfani ɗaya da ƙwaƙwalwa, nan ne aka fi samun saɓani.

An haɗa, an kunna, sauti ya fito. Saura saiti, kuma wanda ya tsallake shi yakan zargi faifai a banza. Fara da zaɓar irin faifan a jerin da ƙwaƙwalwa ta ba ka, idan babu sunansa ka ɗauki mafi kusa da shi a girma da ƙira. Sai ka buga da iyakar ƙarfin da kake kiɗa da shi kana kallon ma'aunin da ke allo. Bugunka mafi ƙarfi ne kaɗai ya kamata ya kai ƙololuwa. Idan ɗan taɓi ma yana cika ma'auni, rage Sensitivity. Idan kana shafa faifai a hankali ba ya amsawa, sauke Threshold, wato ƙofar da bugu yake tsallakewa kafin a ji shi. Idan bugu ɗaya yana fitowa biyu, ɗaga Retrigger Cancel ko Mask Time, amma kaɗan-kaɗan, domin in ka zarce, bugu mai sauri zai riƙa yankewa.

Sai babbar matsalar da ƙari yake jawowa. Ka bugi tom, sabon simbal ya amsa daga gefe ba a taɓa shi ba. Ka tuna fiyezo jijjiga kawai ya sani, bai san sanda ba. Jijjigar bugunka ce ta bi ta ƙarfen firam ta isa gare shi. Akwai saitin XTalk domin wannan, amma ni ba na fara taɓa shi, domin idan ya yi yawa sai ƙwaƙwalwa ta riƙa ɗaukar bugu na gaskiya a matsayin kutse, ta haɗiye shi duk lokacin da ka buga biyu tare. Kuma idan faifan biyu suna kan ƙwaƙwalwa daban-daban ne, ɗaya ba ta san abin da ɗayar ke ji ba, saitin ba zai yi tasiri ba. Ka fara da hannu. Ɗaure kowane noti. Raba faifan da ke gogar juna, ko tazarar yatsa ce. Matsar da maƙalin da ke riƙe faifan zuwa wani bututun firam, ko ka sa ɗan roba tsakaninsa da ƙarfe. Faifai mai nauyi ka ba shi ƙafarsa daban a ƙasa, firam ma ya huta da kaya, don ƙananan firam suna karkata idan nauyi ya taru gefe guda.

Kafin ka sayi maƙali, auna kaurin bututunka. Da yawa milimita 38 ne, amma na wasu ƙananan ganguna bai kai haka ba, kuma sandar da faifai ke zama a kai ma ta bambanta: ta Yamaha mai kusurwa shida ce, ta wasu mulmulalliya.

Wurin ajiye sabon faifan kuma, kada ka tsaya a tsaye ka zaɓa da ido. Zauna a kujerarka, rufe ido, buga jimlar nan da ta sa ka fara neman ƙari, ka bar sandar ta tafi inda take so. Inda ta sauka, nan za ka ɗaure shi. Idan sai ka ɗaga kafaɗa ko ka miƙe gwiwar hannu gaba ɗaya kafin ka kai, ya yi nisa, jawo shi. Daga nan ka manna 'yar takarda a kan kowace sabuwar waya ka rubuta inda take zuwa, ka adana saitin a kati ko a kwamfuta idan ƙwaƙwalwarka tana ba da dama, sannan ka buga waƙa guda daga farko har ƙarshe kana sauraron ko akwai faifan da ke amsawa ba a kira shi ba.