Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Taron Ƙwararru kan Adabi, Fasahar Zamani, Kasuwanci da Shari'a

Mai girma Minista, babban baƙonmu na wannan rana, shugaban taro, iyayenmu da malamanmu, 'yan'uwana ƙwararru maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, a madadin shugabanni da 'ya'yan wannan ƙungiya, ina yi maka barka da zuwa, kai da tawagarka. Mun san yawan hidimomin da ke gabanka, saboda haka ba mu ɗauki zuwanka da kanka a matsayin ƙaramin abu ba, domin da ka ga dama da ka aiko wakili, kuma babu wanda zai ga laifinka.

Mutanen da ke zaune a gabanka ba su cika haɗuwa a ɗaki ɗaya ba. Akwai marubuta da mawaƙa da masu zane da masu shirya fim, akwai injiniyoyin da ke rubuta manhajar kwamfuta, akwai 'yan kasuwa da akantoci, sannan ga lauyoyi. Kowannensu ya yi karatunsa a tsangayarsa, ya koyi yaren sana'arsa, ya fito yana ganin sauran ukun kamar baƙi. Amma aiki guda ɗaya, ko waƙa ce ko littafi ko manhaja, ba ya isa ga mai saye sai ya ratsa ta hannun dukkansu: wani ya ƙirƙira, wani ya ɗora a intanet, wani ya zuba jari ya yi lissafi, wani kuma ya rubuta yarjejeniyar da za ta faɗi rabon kowa. A nan ne muke so mu ja hankalinka, domin mun lura cewa matasanmu ba su cika faɗuwa a cikin sana'arsu ba, sai a daidai inda sana'a ɗaya ke miƙa aiki ga wata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Lauyoyin da ke cikinmu sun saba da wani irin baƙo. Matashin mawaƙi ne zai shigo ofis da takarda a ninke cikin aljihu, ya ce a duba masa, sai lauya ya buɗe shafin ƙarshe ya tarar tuni an rattaba hannu. A tsakiyar takardar akwai layi guda da ke cewa ya sallama dukkan haƙƙinsa, a duk faɗin duniya, ta kowace hanyar da aka sani da wadda za a ƙirƙiro nan gaba. Ya karɓi kuɗi sau ɗaya, ya yi murna, alhali dokar ƙasa da ƙasa ta ba shi abin da zai ci har jikokinsa su ci. Yarjejeniyar Bern, wadda aka fara ƙullawa a 1886, a tsarinta na yau ta tanadi cewa haƙƙin mallaka yana tabbata ga mai aiki tun daga lokacin da ya ƙirƙiri aikin, ba sai ya yi rajista ba, kuma kariyar takan ɗauki tsawon rayuwarsa da ƙarin aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa, yayin da ƙasashe da dama suka kai ta shekara 70. Yaron bai san wannan ba, kuma babu wanda ya koya masa. Abin da lauya zai iya yi a wannan matakin kaɗan ne, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Injiniya ma yana da irin tasa asarar, sai dai ta bambanta. Takardar mallakar ƙirƙira tana kare mai ita na shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙata, amma a ƙasashe da yawa idan ya riga ya baje ƙirƙirarsa a bainar jama'a kafin ya shigar, to ta daina zama sabuwa a idon doka. Sau nawa ɗokin nuna bajinta a wurin baje koli ya ja wa matashi rasa abin da ya shafe shekaru yana haɗawa? Haka kuma manhajar da ma'aikaci ya rubuta a bakin aikinsa, galibi mallakar kamfanin da ya ɗauke shi ce, ba tasa ba, kuma da yawa ba sa gane haka sai ranar da suka ajiye aiki. Ba muna cewa kowane abu sai an killace shi ba. A ranar 30 ga Afrilun 1993 cibiyar bincike ta CERN ta saki fasahar yanar gizo, wadda Tim Berners-Lee ya tsara a 1989, kyauta ga duniya, kuma kowa a nan yana cin moriyarta. Bambancin shi ne su sun bayar da saninsu, ba a karɓe musu ba ne a rashin sani.

Game da kasuwanci ba zan tsawaita ba. Dandamalin sauraren waƙa irin su Spotify suna biyan mai riƙe da haƙƙi ne, ba lallai mai rera waƙar ba, don haka wanda ba ya iya karanta takardar lissafi ba zai san ko kasonsa ya iso cikakke ba. Akanta kuwa, sai ya fahimci cewa tambarin kamfani da kundin waƙoƙi dukiya ne kamar gini da mota kafin ya iya ba da shawarar kirki.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo, wato fasahar da ke sa na'ura ta yi rubutu ko zane kamar mutum. Tun bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022, babu sana'a cikin huɗun nan da ba ta ji a jikinta ba. A 2023 marubutan fina-finan Amurka sun yi yajin aiki na kwana 148, kuma cikin abubuwan da suka samu a sulhu har da cewa ba za a ɗauki na'ura a matsayin marubuci ba, ba kuma za a tilasta wa marubuci amfani da ita ba. Abin lura a nan, ranka ya daɗe, shi ne marubutan ba da alƙalaminsu kaɗai suka yi nasara ba. Sai da suka zauna da masu fahimtar yadda na'urar ke aiki, da masu lissafin ribar kamfanoni, da lauyoyin da suka iya tsara sharaɗi. A 2024 Tarayyar Turai ta kafa dokarta kan wannan fasaha, kuma duk ƙasar da ta yi jinkiri za ta tarar an gama tsara mata ƙa'ida a wani wuri.

Saboda haka muna da roƙo, kuma mun taƙaita shi. Muna roƙon ma'aikatarka ta sa baki wajen ganin an shigar da darasin haƙƙin mallaka da karanta yarjejeniya cikin manhajar karatun ɗaliban adabi da na injiniyanci, a kuma koya wa ɗaliban shari'a da na akanta wani abu game da yadda ake samar da waƙa da fim da manhaja, ko da na zango ɗaya ne. Muna kuma roƙon a tallafa mana mu buɗe zauren ba da shawarar shari'a kyauta ga masu tasowa, inda za su kawo takarda kafin su sa hannu. Lauyoyinmu sun yarda su ba da lokacinsu, wuri da amincewar hukuma kawai muke nema. Na ƙarshe, wanda ya fi damun dattawanmu, shi ne koyon aiki a ƙarƙashin gwani. Takardar shaida tana buɗe ƙofa, amma sanin yadda ake yi wa abokin ciniki magana, da yadda ake sa wa aiki farashi, da lokacin da ya kamata a ce a'a, sai a gefen wanda ya daɗe a sana'ar. Idan hukuma ta sauƙaƙa wa kamfanoni da ofisoshin da ke ɗaukar masu koyo, za a samu masu ɗauka da yawa.

Mun rubuta waɗannan buƙatu dalla-dalla a takardar da sakataren ƙungiya zai miƙa maka yanzu. Bayan jawabinka, muna fatan za ka ba mu 'yan mintoci ka zagaya zauren baje koli, inda matasanmu ke jira tun safe da ayyukansu, kuma mun tabbatar sun shigar da takardunsu kafin su baje.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya. Na gode.