Filin da masana'anta ta bari: wa zai biya kuɗin duba ƙasarsa?

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi wannan fili. Katangarsa ta zube, awaki na kiwo a ciki, da la'asar yara na buga ƙwallo. Shekarun baya gareji ne, ko gidan mai, ko majemar zamani. Inji ya tsaya, ma'aikata sun watse, amma abin da aka yi ta zubarwa a ƙasa yana nan inda aka bar shi.

Baƙin man da bakanike ke juyewa yana nutsewa. Tankin fetur da aka binne yakan yi tsatsa ya riƙa yoyo. Inda ake fasa batirin mota kuwa, dalma ce ke zama cikin turɓaya, ita kuma ba ta ruɓewa ko an shekara ɗari. Da damina ruwa ya gangara da dattin zuwa rijiya, da hunturu iska ta kwaso ƙurar ta shigar da ita ɗaki. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki.

Mu a Sakkwato ba labari aka ba mu ba. A Zamfara, wadda har 1996 jiha ɗaya muke, gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a annobar da ta bayyana a 2010. Can duwatsun zinariya aka riƙa niƙawa cikin gidaje, amma gubar dai ita ce. Likitocin ƙungiyar agaji ta duniya, MSF, suka ce babu amfani a yi wa yaro magani ya koma tsakar gidan da ya ɗauko cutar. Garin Bagega sai da ya jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗi, aka kankare saman ƙasa, aka binne ta a rami na musamman, aka zubo sabuwa. Wannan jiran yana damuna har yau, domin yara ne suka yi shi.

To, yaya wasu ke yi da irin wannan fili a cikin birni? A Amurka, wata doka ta 1980 ta sa ana iya kama mai fili da kuɗin gyara ko da ba shi ya gurɓata shi ba. Sai kowa ya gudu. Banki ba ya ba da bashi, mai gini ba ya saye, fili na tsakiyar gari ya zama kufai. An ƙiyasta akwai irinsu sama da 450,000 a ƙasar. A tsakiyar shekarun 1990 hukumar kare muhallinsu ta fara ba birane tallafi. A 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu kan dokar da ta kare mai saye idan ya yi bincike kafin ya biya, sannan a 2021 aka ƙara wa shirin dala biliyan 1.5.

Kuɗin farko na dubawa ne, kuma nan nake so ku tsaya da ni. Ana fara bin tarihin wurin: tsofaffin takardu, hotuna, da tambayar waɗanda suka san abin da aka yi a can. Idan an ga alamar matsala, sai a haƙa, a ɗebi ƙasa da ruwa a kai ɗakin gwaji. Wani lokaci sakamako ya nuna filin lafiyarsa ƙalau, tsoro ne kawai ya hana a taɓa shi. Wani lokaci kuma kusurwa ɗaya ce ta lalace. Sai an san haka ake iya yanke kuɗin gyara. A shirin na Amurka akwai tallafin gyaran kansa, akwai kuma bashi mai sauƙi da ake biya a ba wani.

Ko a yankin Ogoni na Jihar Ribas, inda malalar ɗanyen mai ta gurɓata ƙasa da ruwa, haka aka bi. Sai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta gwada ƙasa da ruwa, ta fitar da rahoto a 2011, sannan aka yi maganar dala biliyan 1 ta fara aiki da shekara 25 zuwa 30 na gyara.

A nan gida gari na faɗaɗa, dillalai na yanka filaye, mai saye yana tambayar takarda da iyaka, ba ya tambayar me aka taɓa yi a wurin. Muna da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, tun 2007, muna da ma'aikatar muhalli ta jiha, muna da masana ilimin sinadarai a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A ganina jiha za ta iya ware kuɗi kaɗan ta rubuta sunan kowane tsohon gareji, gidan mai da majema, a gwada ƙasarsu ɗaya bayan ɗaya, a fara da waɗanda ke kusa da makaranta da rijiya. Kafin nan, Alhaji, idan an kai ka ganin fuloti, ka biya ta wurin mai unguwa da dattawan layin, ka tambaye su wace sana'a aka yi a wurin shekara ashirin da suka wuce.